Wanda Ya Faɗi Ya Durƙusa

"Sunanta ba zai fito ba, ko da ita kaɗai ta yi fim a bana!" Haka na rubuta game da wata jaruma a zauren Facebook na masoya fim na Lafia, ni Wakili, da furfurata da 'ya'yana biyar, wai ni masani.

Wani mai kiran kansa Tauraron Ashige ya dage cewa jarumar nan sai ta shiga takarar gwarzuwar shekara. Muka yi ta yi. Har na ce masa yaro ne, ya bari a yaye shi tukuna. Muka yanke sharaɗi: wanda hasashensa ya faɗi zai durƙusa wa ɗayan a bainar jama'a.

Aka fitar da sunaye. Nata ne na farko.

Tavershima, shugaban zauren, ya kira ni yana ƙyaƙyata dariya. "Oga Wakili, mutumin naka ya zo shagona, yana jiranka. Ya ce ka sa wando mai ƙwari."

Na hau babur ina shirya yadda zan durƙusa da gwiwa ɗaya, in kuma harari yaron. Na manta cewa a Hausar Tavershima kowa "shi" ne.

Hajiya Juwairiya na tarar a kan benci, uwar matata, waya a hannu, tabarau a karan hanci.

Gwiwoyina suka kai ƙasa tun kafin in tuna da wani sharaɗi.

"Wannan na gaisuwa ne," in ji ta. "Tashi ka yi mini na fim ɗin."