Shafi na Bakwai

Tsarin shekara biyar na kamfanin madarar shafi arba'in ne, amma shafi na bakwai kaɗai ke hana Haliru, ma'aikacin kamfanin, sakat. A nan aka rubuta cewa daga bana an daina karɓar duk madarar da ta yi tafiyar fiye da kilomita goma kafin ta iso wurin sanyayawa, don takan fara tsami a hanya. Shi da bakinsa ya kawo shawarar a taron Gusau. Manya suka tafa masa, suka kuma ɗora masa aikin aiwatarwa. Ranar kam har tafiyarsa sai da ta canza.

Sanarwar a garin Tsafe ta zo da sauƙi. Ya karanta sunayen waɗanda aka cire, aka yi gunaguni, aka watse. Zuwa Bungudu ne ya yi ta ɗagawa, yau mota ba lafiya, gobe shi ne ba lafiya, har manaja ya ce ko ya je ranar Litinin ko ya miƙa mukullin ofis.

Ya tarar da matan rugage zaune a gindin ɗorawa, kowacce da ƙwaryarta a gaba. Shugabarsu Inna Tambaya, shekara shida ke nan ba ta taɓa fashin kawo madara ba, kuma da ita take ciyar da gidanta tun rasuwar mijinta. Rugarsu kilomita goma sha uku ce daga nan. Haliru ya san haka tun ranar da ake tafa masa, abin da ke cin ransa ke nan.

Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Ya miƙe ya fara karatu. Da ya iso kan sunanta sai bakinsa ya ƙi, ya miƙa wa Mas'udu direba takardar ya ƙarasa.

Matan suka ɗauki salati. Tsohuwar ba ta ko ɗaga ido ta dubi Haliru ba, direban ta fuskanta.

"Malam direba, ka ce ma mai takarda mun ji. Aiki anka sa shi, shi yi aikinai."

Ta ɗora ƙwaryarta a ka, cike yadda ta zo da ita, ta kama hanya.

A hanyar komawa, sun kusa Gusau kafin Mas'udu ya kasa haƙuri.

"Yallaɓai, tsohuwar nan fa ta ƙullace ka. Ko kallonka ba ta yi ba, sunanka ma ta ƙi kamawa, wai mai takarda!"

Haliru ya juya fuska wajen taga, kunyar kansa ta rufe shi, hawaye na sauka a kan takardar da ke cinyarsa.

"Ba gaba ba ce, Mas'udu. A rugarmu uwa ba ta kallon ɗan fari a cikin mutane, balle ta kama sunansa. Ni ne ɗan farinta."