Rijiyar Gangara

Dutsen farko ya fasa mini goshi, gugan da na jawo daga rijiyar garin ya kife.

Ɗaliban jami'o'i biyu ne mu, gasa ta haɗa mu. Mu muka sarrafa ƙwayoyin halitta masu gano guba, 'yan jami'ar Katsina suka sa su a takardar gwaji, muka zo gwada ruwan rijiyar.

"Su ne suka kashe mana awaki!" mutanen gari suka yi ihu.

Sanduna suka sauko. Shugaban 'yan Katsina ya kare ni, hannunsa ya karye.

Wata tsohuwa ta tsinci takardar cikin ruwan da ya zube. "Don me ta koma shuɗiya?"

Na ce, "Guba ce, Inna. Ta daɗe a rijiyar."

Wanda ya karya wa shugaban hannu ya yar da sandarsa. "Ɗiyata ta sha ruwan da safe. Me zan yi?"