Hular Koci Burdette

Koci Wendell Burdette, mai horar da 'yan ƙwallon Amurka na wata jami'a, ya kori Otis, mataimakinsa na shekara ashirin. Mutumin kullum tsaye yake a gabansa a bakin fili, sai ka ce ɗan leƙen asiri.

Tun daga ranar, wasa biyar ke nan jami'arsu tana shan kashi. Ko jefa ƙwallo za a yi ko gudu da ita, abokan hamayya sun riga sun sani. Ya canza alamun hannun da yake ba 'yan wasa umarni da su, ya ƙwace wayoyinsu. A banza.

Ranar Lahadi ya tsare matarsa da ido. "Loretta, har yanzu kina waya da Otis?"

Ta ajiye cokali. "Wendell, duk sanda za ka sa a jefa ƙwallo sai ka taɓa hularka. Otis kare ka yake yi kada su gani."