Jar Fitila

Jar fitilar da ke saman ƙofa ba ta kama ba tukuna, amma gumi ya riga ya jiƙa masa bayan riga. Ya gyara zama, ya janyo makirufo kusa da bakinsa da hannun dama, ya sake duba takardun labaran rana. Duk inda zai ja numfashi ya sa alama da fensir.

Ta bayan gilashi shugabar sashen labarai tana tsaye, hannuwa harɗe a ƙirji. A gidan rediyon nan ko masinja ya san idan Shugaba ta yi shiru, to wani zai koma gida da ciwon kai. Ba ta yi masa murmushi ba. Dama bai sa rai ba.

Wata da watanni ke nan tana gasa masa aya a hannu. Da an tashi daga aiki sai ta zaunar da shi a ƙaramin ɗakin naɗar murya, ta sa ya ciji fensir ya karanta jarida da ƙarfi. In ya haɗiye harafi, "Sake, Malam." In ya yi sauri, "Sake." Akwai ranar da ya yi jifa da jaridar, ya ce shi kam ya haƙura, gara ya zauna a gida. Ta tsince ta, ta kakkaɓe, ta miƙa masa. Ranar ya ji haushinta ƙwarai, har sai da ya kai ƙararta wajen matarsa.

Manaja bai so ba tun farko. Ya ce labaran rana ba wurin gwaji ba ne, duk gari na saurare. Sai da Shugaba ta ce a ɗora abin a wuyanta sannan ya yarda, amma dama ɗaya tak. In aka samu matsala, ba zai ƙara zama gaban makirufo ba, ita kuma sai ta nemi wata kujerar.

Injiniyan sauti ya ɗaga yatsa. Fitila ta kama.

Ya yi sallama, ya shiga labari na farko a hankali, kamar mai tafiya da tire cike da kofunan shayi. Ya wuce lafiya. Na biyu ma haka.

A na uku, labarin wata gada da ruwa ya cinye, harshensa ya yi nauyi. Ga kalmar nan a gabansa yana ganinta ƙuru-ƙuru, amma ta ƙi fitowa. Ya buɗe baki, iska kawai ta fito. A aikin rediyo ana yafe kuskure, amma ba a yafe shiru, kuma shirun nan yana ta tsawo. Tsoro ya kama shi.

Manaja ya faɗo ɗakin injuna. "Yanke shi! Sa kiɗa!"

Injiniya ya kai hannu kan maɓalli. Shugaba ta cafke wuyan hannunsa.

"Ranki ya daɗe, ba komai fa ke fita!" in ji Injiniya.

"Kada ka kuskura ka taɓa."

Ba ta ko dubi Manaja ba. Ta kafe mai karanta labaran da ido ta cikin gilashi, ta ɗora tafin hannu a cikinta, ta sauke shi a hankali. Ya gane. Ya saki kafaɗunsa, ya jawo numfashi tun daga ƙasa, ya koma kan alamar fensir ta baya, ya sake ɗauko jimlar. Wannan karon kalmar ta fito, da ɗan ɗingishi, amma ta fito. Daga nan bai ƙara tsayawa ba har ƙarshe.

Fitila ta mutu. Ya jingina da kujera. A can ofis wayoyi sun fara ƙara, ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofa ta buɗe, Shugaba ta shigo. Injiniya, wanda bara aka ɗauke shi aiki, ya saki baki: matar da ko Manaja ke shakka ce ta durƙusa har ƙasa, tana share ido da gefen mayafi.

"To, na ci?" mai karanta labaran ya tambaye ta.

"Ka ci, Oga," ta ce wa mutumin da ya fara zaunar da ita a kan wannan kujerar tana 'yar koyo, tun kafin shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace masa harshe.