Tafin Hannu a Bangon Sito

Tun da sabuwar doka ta fito, duk tsohon ginin da jinin maginansa bai zo ya ɗora hannu a kai ba, injin gwamnati ne ke share shi.

Shi ya sa Lurwanu, jami'in tarihi, ya ɗauko Gwaggo Kyauta zuwa siton yadi na bakin kogi a Lakwaja.

"Gwaggo, ga tafin kakan kakanki a bango, tun ginin yana ɗanye ya danna shi. Ɗora naki a kai, na'ura ta shaida, sito ya tsira."

"Karanta min allon ƙofar tukuna."

Ya karanta mata sunan Baturen mai yadin, da Turawa biyu da suka zana ginin a 1887.

"Saura?"

"Iyakarsa ke nan, Gwaggo."

"Kakan nawa da ya faɗo daga katangar nan ya karya ƙugu fa? Sama da shekara ɗari ba ku sami wurin sunansa ba, sai yau kuka san ƙofar gidana?"

A tsallaken titi, inda makaranta take jiya, fili ne fetal, ko tsakuwa babu.

"Don Allah, Gwaggo, saura minti goma injin ya iso."

Ta naɗe hannayenta cikin mayafi.

"Je ka tono masu zanen, su zo su ɗora."