Naman da ke Juyawa Arewa

Tun da aka fara zuba wa shanu garin maganaɗisu a dusa, nama ya daina ruɓewa. Mai kyau kuwa ba ya ɓuya: ka ajiye shi, da kansa zai juya arewa.

Garzali ya zo sayen na sadakar ukun mahaifinsa. Tanimu mahauci ya ɗora cinya a tebur, ta juya a hankali.

"Ka gani? Irin wanda marigayi yake so ke nan, Allah ya jiƙansa."

Garzali ya ƙura wa cinyar ido.

"Kawu Tanimu, a kabari muna daidaita fuskarsa gabas, tana komawa arewa. Haka muka rufe shi."

Tanimu ya ajiye wuƙa, ya dubi ƙafafunsa. Arewa suke kallo.