Karsanar Aro

Likita ya ajiye takardar gwaji, ya dubi tsohon makiyayin.

"Baffa, kana gane maraƙi mai faɗa tun bai yi ƙaho ba?"

"Daga ido ma."

"To, haka muka duba ƙarin da aka cire daga hanjinka. Mun sa masa rini. Mugun iri kan rine sosai, naka da ƙyar ya kama. Mai sanyin hali ne."

Watan jiya aminin tsohon ya kawo masa karsanar aro, wadda ba a mayarwa sai ta haihu uku. Tsohon ya ƙi karɓa, don bai ga zai kai lokacin da rai ba.

Da ya dawo daga asibiti ya sauka a tashar Doguwa, bai nufi gida ba. Sabuwar igiya ya saya, ya miƙi hanyar rugar aminin.